Sphinx ya ƙi fitar da PDF: tgtermes.sty ya ɓace, kuma babu intanet

Salam 'yan uwa. Kwana 2 ke nan ina fama da Sphinx (manhajar da ke mayar da rubutun bayanai zuwa HTML ko PDF) a kwamfutar ofis mai Ubuntu, wadda ba a yarda a jona ta da intanet ba. HTML na fita lafiya lau, amma da na buga umarnin make latexpdf don fitar da PDF ta hanyar LaTeX (manhajar tsara rubutu), sai ya tsaya cik:

LaTeX Error: File `tgtermes.sty' not found

Na gano fayil ɗin na cikin kunshin tex-gyre (kunshin haruffa na LaTeX), sai na kwafo foldar tex/latex/tex-gyre daga kwamfutata ta gida a filashi, na zuba a ~/texmf, inda LaTeX ke duba fayilolin da mutum ya ƙara. Wancan kuskuren ya tafi, wani ya fito: wai salon haruffan ec-qtmr ba ya loduwa, babu fayil ɗinsa na TFM (mai ɗauke da ma'aunin haruffa). Umarnin mktexlsr (mai sabunta jerin fayilolin LaTeX) ma bai yi komai ba.

Don Allah, waɗanne fayilolin tex-gyre zan ƙara kwasowa a filashi domin pdflatex (mai mayar da LaTeX zuwa PDF) ya ga haruffan?