Ampli da Hausa: ni dai "ƙarfafa-sauti" na tsaya a kai

Salamu alaikum ƴan'uwa. Ana gardama kan ko ampli na kamfanin McIntosh ya ci kuɗinshi, ampli kuwa shi ne na'urar da ke ba sauti ƙarfi kafin ya kai bafil, gardamar kuma ta kai mu ga nema mai suna da Hausa, to bari in sa baki. Nan Yamai kowa ampli yake cewa, daga masu gyaran rediyo na Katako har masu hayar sono na biki, ba ni da rigima da wannan, amma in za a rubuta ko a koya ma yaro ya kamata mu sami tamu.

Wani ya ce amsa-kuwwa. A'a malam, amsa-kuwwa ai lasifika ce, bafil kenan, ita ke fidda muryar. Wani babban yayanmu daga Tawa ya kawo "na'urar ƙara sauti", yaya a yi haƙuri wannan ma bai zauna min ba, don Bahaushe in ya ji ƙara hayaniya ke zo mai a rai, alhali masu zuba miliyoyin sefa a kan abun nan ba ƙara suke nema ba sam. Aikinshi shi ne, ɗan sautin da ke fitowa daga faifai ko waya ba shi da ƙarfin da zai motsa bafil, sai ampli ya jawo ƙarfi daga kuran ya ba shi, ba tare da ya sake mai kama ba, gurmi ya fito gurmi, kalangu ya fito kalangu har ka ji saukar makaɗi kan fata. Shi ya sa na ce ƙarfafa-sauti, ginin iri ɗaya da amsa-kuwwa, kuma yana shiga magana: ƙarfafa-sautin nan ya yi zafi, kashe shi.

Batun ko McIntosh ya ci kuɗinshi kuwa, ni ina ganin ƙarko dai akwai. Kamfanin tun 1949 yake a Amurka, a Binghamton ta jihar New York suke ƙerawa, kuma amplinsu MC275 mai lampu (ƙwayayen gilashin nan irin na cikin tsohon rediyo), wat 75 kowane gefe, tun 1961 ya fito har yanzu ana yin irinshi, tsofaffin ma ana sayensu da tsada. Masu suka na cewa rabin kuɗin na suna ne da gilashin gaba da shuɗin mitan nan mai allura, wai in aka daidaita ƙarfin murya aka rufe ma mutum ido da wuya ya bambance shi da mai sauƙin kuɗi. Ban ce ba su da gaskiya ba.

Amma ƙarko a can daban, a nan daban. Na Amurka volt 120 yake ci, mu 220 muke, in ka jona kai tsaye ka ƙone dukiyarka. Ga zafin Afrilu, lampu kuma dama zafi ne aikinsu, ga ƙura ta shiga ta ramukan iska ta kwanta, ga wuta na hawa da sauka dole sai da regulater mai kyau. In lampun MC275, waɗanda ake ce ma KT88, sun gaji sai an yi odar su daga waje. Wanda bai shirya ma wannan ba gara ya nemi mai taranzisto, wato marar lampu, wanda mai gyaran unguwa zai iya buɗewa.

Mutanen Tawa ku gwada kalmar a bakinku ku gaya min ko ta yi nauyi, in akwai wadda ta fi ta gajarta wallahi ina so in ji. Masu son abun nan kuma ni "mayun sauti" nake ce musu, kamar yadda ake cewa mayen shayi, shi ma ku duba min.