Gajiya ba tare da aikin wahala ba

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kullum ina tashi a gajiye kamar ban kwanta ba, alhali ba aikin ƙarfi nake yi ba. Me ke jawo haka?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙarancin jini ne ya fi addabar mata, musamman masu zubar da jini sosai lokacin al'ada, don haka ki je asibiti a auna jininki, a kuma duba sukari da zazzaɓin cizon sauro. Idan jinin ne, hanta da wake da zogale suna taimakawa, amma ki raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana rage tsotsar sinadarin ƙarfe.

Amsa ta biyu: Baiwar Allah, ki guji haɗin maganin gajiya na kemis. Babba yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9.