Zan kai Hajiya Iskandariya a ƙarshen Mayu, tana da asma: yaya yanayin yake?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyarmu za a yi wa aikin ido a Alƙahira tsakiyar watan Mayu, in Allah ya yarda. Ƙanena da ke karatu a Iskandariya ya ce bayan an sallame ta mu koma wajensa ta huta mako biyu, wai can ya fi sanyi saboda teku. Matsalar ita ce Hajiya tana da asma, ƙura kaɗan ke tayar mata da ita. Na duba hasashen yanayi a waya na ga digiri 26, amma wata maƙwabciyarmu ta ce a lokacin ne ake wata guguwar ƙura a Masar. Don Allah waɗanda suka san wajen, mu tafi ko mu zauna a Alƙahira? Kuma wane irin kaya zan haɗa mata?

Ɗalibi a Iskandariya: Wa alaikumus salam Anti. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ƙanenki bai yi ƙarya ba. A Mayu zafin rana a nan yakan tsaya kusan digiri 26 zuwa 27, da dare ya sauko wajen 17, alhali Alƙahira tana haura 30 kusan kullum. Iskar da ke tasowa daga Bahar Rum ce ke kawo bambancin. Sai dai wannan lissafin matsakaici ne na wata guda, bai nuna miki ranar da iskar Hamasin za ta taso ba, ita maƙwabciyarku ke nufi. Lokacinta daga Maris zuwa Mayu ne, ƙarshen Mayu ta fara ja da baya, amma ba a cire rai da ita.

Wani bawan Allah daga Damagaram: Haba jama'a, tsohuwar da ta sha hunturun Kano shekara da shekaru ce za ku tsorata da ƙurar Masar? Ku tafi abinku, Allah ne mai tsarewa.

Ma'aikaciyar jinya, ta zauna a Masar: Malam, Allah ne mai tsarewa, gaskiya ne, amma ƙurar ba iri ɗaya ba ce. Ta hunturu a hankali take sauka da sanyinta, mutum ya shirya mata tun da wuri. Hamasin kuwa farat ɗaya take zuwa, da zafi kamar an buɗe tanderu. Yadda abin yake, wata iska mai ƙarancin nauyi ce ke tasowa daga wajen Libiya tana bin gaɓar teku zuwa gabas. Kafin ta iso sai ta janyo busasshiyar iskar sahara daga kudu, da yashinta da komai. Garin da ya kwana lafiya lau sai ya wayi gari sama ta yi ja, zafi ya doshi 35 ko ya wuce, har a bakin tekun. Yini ɗaya, biyu, wani lokaci uku. Da ta wuce iska ta juyo daga arewa, zafin ya faɗi warwas, har ki nemi rigar sanyi da magariba. Ni wannan hawa da saukar nake ji wa Hajiya fiye da ƙurar ma, domin ƙirjin mai asma ba ya son sa.

Yar uwa, ga kuma sabon aikin ido, shi ma ba ya shiri da yashi. Ki gaya wa likitan idon tun kafin aikin cewa za ku yi tafiya, shi zai faɗi ranar da ya dace ku tashi. Maganin shaƙarta ya kasance a jakar hannu, kada ki kulle shi a akwati, ki riƙe na ajiya guda. Takunkumi da tabarau mai rufe gefe su ma kada a manta. Ranar ƙura a rufe tagogi, ta yini a ɗaki, babu fita yawon Korniche, wato titin bakin teku.

Mai tambaya: Na gode Anti. To ai kenan gara mu zauna Alƙahira?

Ma'aikaciyar jinya: A'a, Hamasin ta fi tsanani a Alƙahira, ga hayaƙin motoci. In likita ya amince, Iskandariya ta fi mata. Abu ɗaya dai, garin yana da danshi. Ki ce wa ƙanenki ya duba bangon ɗakin da za ta kwana, in akwai fumfuna ko warin laima a canza ɗaki.

Ɗalibi a Iskandariya: Anti, ki rage dogara da hasashen wata guda na waya. Hukumar yanayi ta Masar tana fitar da bayani kullum a shafinta na Facebook, kuma yanki-yanki take kasa ƙasar. Ku naku shi ne gaɓar arewa, "sawahil shamaliyya", kada ki karanta na Alƙahira ki ɗauka naku ne. Sukan sanar da ƙura kwana biyu ko uku kafin ta zo. Da shi za ki zaɓi ranar tafiya. Jirgin ƙasa daga tashar Ramsis ta Alƙahira zuwa tashar Sidi Gaber ta Iskandariya kamar awa biyu da rabi zuwa uku ne, ki yanki tikitin mai na'urar sanyi. In ta mota za ku bi hanyar sahara, kilomita 220 ne ko kusa da haka, kuma kada ku yi sammako sosai, hazon asuba kan rufe hanya wasu ranakun.

Wata Hajiya mai zuwa saro kaya: 'Yata, kaya marasa nauyi na auduga za ki ɗiba, sai suwaita guda da mayafi mai kauri saboda dare. Iskar bakin teku tana ratsa tsoho. Lema kuwa bar ta a gida, damunarsu a Disamba da Janairu take.

Ɗalibi a Iskandariya: Haka ne Hajiya, Mayu kusan ba a ruwa. Amma daren 31 ga Mayun 2025 an tafka ruwa da iska da ƙanƙara a Iskandariya, tituna suka cika. Ba kasafai ba ne, na faɗa ne don kada a kama ɗaki a ƙasan bene.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Yarona mai shekara 12 zai bi mu, tun yanzu zancensa wanka a teku.

Ɗalibi a Iskandariya: Ruwan da sauran sanyi a Mayu, wajen digiri 21. In kin ga jar tuta a bakin ruwa kada ya shiga ko da wasa, musamman washegarin Hamasin da iskar arewa ke tayar da igiya. Ku guji bakin ruwan Nakhil da ke unguwar Agami a yammacin Iskandariya, ruwan wajen yana jan mutum ciki, ya ci rayuka da dama. Ki bar kawunsa ya kai shi inda akwai masu ceto, ku kuma ku zauna a inuwa da Hajiya.