Tsarabar Tailan: me ya kamata in saya a Bankok, kuma yaya ake gane na ainihi?

Ummu Khalil, Tumfure, Gombe

Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda wata mai kamawa zan raka yayata Bankok, kwana tara za mu yi, amma kwana biyu kacal nake sa ran samu na shiga kasuwa. Ina son in dawo da tsarabar aikin hannu na mutanen ƙasar, wanda in na miƙa wa surukata ko ƙannena ba zan ji kunya ba. Abin da ke raina shi ne yadin siliki, kwanukan tangaran masu zanen ruwan gwal, da akushin katako. Ina ake samun masu kyau? Yaya zan bambance silikin gaske da na roba? Kuma wanne ne zai iso Gombe lafiya? Jaka biyu aka ba ni, kowace kilo 23.

Baban Sadiq, Wunti, Bauchi

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kai ku lafiya. Ki tsara kwanakin nan biyu yadda ɗaya zai faɗo Asabar ko Lahadi, domin kasuwar Chatuchak a waɗannan ranakun take ci sosai, daga wajen ƙarfe tara na safe zuwa shida na yamma. Rumfunanta dubbai ne, an kasa ta sashe-sashe da lambobi. Ki hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ki sauka a tashar Kamphaeng Phet, ƙofar tashar a bakin kasuwar take. Ki isa da sassafe, don daga azahar zafi da cunkoso ba sa barin mutum ya duba kaya da natsuwa. In kin ga abin da ya kwanta miki amma kina son ki ƙara zagayawa, ki ɗauki hoton lambar sashen da ta layin. Wanda bai yi haka ba da wuya ya sake gano rumfar.

Pratunam da 'yan kasuwarmu suka fi sani wurin sarin tufafin kamfani ne. Kada ki ɓata ranarki can da sunan neman aikin hannu.

Shawarata, rana ta farko ki fara da shagunan da ba a tayi, ko da ba za ki sayi komai ba. Akwai shagunan siliki na Jim Thompson, da na Chitralada waɗanda ke sayar da aikin mutanen karkara a ƙarƙashin gidauniyar da Sarauniya Sirikit ta kafa a 1976, da kuma kayan da ke ɗauke da tambarin OTOP, shirin gwamnati na 2001 da ya ba kowace gunduma damar fito da sana'arta. Ki taɓa, ki ɗaga, ki ji nauyi, ki riƙe farashin a kai. Washegari in kin shiga Chatuchak hannunki ya riga ya san na ƙwarai.

Kuɗinsu baht ne, kuma ba a canjin naira a can. Ki tafi da dala, sababbin takardun ɗari-ɗari marasa yaga ko rubutu, sun fi ƙananan takardu daraja wajen canji. Masu canji na cikin gari irin SuperRich sun fi na filin jirgi, kuma za su nemi fasfo. Ciniki da kalkuleta ake yi: ya danna, ki danna. Ki fara tayi da rage kamar kashi uku cikin goma. Raba farashi biyu da muka saba a kasuwar Muda Lawal yakan sa mai kaya ya ɗauke kai kawai. Ragi na sosai yana zuwa ne in kin haɗa guda uku ko shida a rumfa ɗaya. Kuma ba sa son ɗaga murya ko kushe kaya, da fara'a ake samun sauƙi.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai: duk mai keke-napep ɗinsu, wanda suke kira tuk-tuk, ko wani mai tsaf-tsaf da ya tare ku ya ce fadar sarki a rufe take yau, ga wani shagon duwatsu masu daraja da gwamnati ke yin rangwame, ku wuce abinku. Tsohuwar damfara ce, kamasho yake nema, duwatsun kuma ba su kai kuɗin ba.

Maman Hanan Mai Ɗinki, Jekadafari, Gombe

Ƙanwata, bari in tsaya a kan silikin, don a nan aka fi yin asara.

Ki fara neman tambarin ɗawisu a jikin yadin. Hukumar ƙasar ce ke bayar da shi, launi huɗu. Na ruwan gwal yana nufin zaren tsutsar siliki ta asalin ƙasar, an zare da hannu an saƙa da hannu. Na ruwan azurfa ma saƙar hannu ne, yana biye masa. Shuɗi siliki ne zalla amma an yarda a yi amfani da inji da rinin kamfani. Kore kuma an gauraya siliki da wani zare. Ba kowane yadi mai kyau ke da tambarin ba, ƙananan masaƙa da yawa ba su yi rajista ba, don haka dole ki iya gwaji da kanki.

Ki ɗaga yadin ki karkata shi a haske. Masaƙansu kan sa zaren tsaye launi ɗaya, na kwance wani launin, shi ya sa na gaske yake sauya launi in kin juya shi. Na roba farin ƙyalli ɗaya yake yi ko ta ina kika kalle shi. Sannan ki shafa da tafin hannu. Saƙar hannu tana da 'yan ƙulle-ƙulle a jikin zaren, bakin yadin ma ba ya miƙewa sak. Mutane kan ɗauka aibi ne su guje shi, su sayi mai sulɓi wanda inji ya yi, alhali ƙullin nan shi ne shaidar. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta. Ki roƙi mai shago ya zaro zare biyu ko uku daga gefe ya kunna musu ashana. Siliki yana warin ƙonannen gashi, wutarsa tana mutuwa da zarar an janye ashanar, tokarsa kuma tana murƙushewa tsakanin yatsu. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri, da baƙin hayaƙi. Wanda ya ƙi a gwada, ki bar masa kayansa.

Za ki ji suna cewa mudmee. Wannan saƙar arewa maso gabashin ƙasar ce, yankin Khon Kaen da Surin, inda ake ɗaure zaren a rina shi kafin a saƙa, sai zanen ya fito a masaƙa. Ki juya bayansa: na gaske zanen iri ɗaya ne ciki da waje, gefen zanen kuma yana da ɗan dishi-dishi. In bayan ya koɗe, bugawa aka yi.

Yanzu lissafin yadi, wanda mutane ke mantawa. Saƙar hannu ba ta cika wuce mita ɗaya a faɗi ba, ba ta kai faɗin shadda ba. Ki je wurin telanki kafin tafiya, ki ce masa faɗin mita ɗaya ne, ya faɗa miki yadi nawa doguwar riga ko riga da zani za su ci, ki ƙara rabin yadi a kai. Ki yanka duka daga bandir ɗaya, don rinin hannu ba ya zuwa daidai sau biyu. Ki kuma tambaya mita ake aunawa ko yadi, mita ta fi yadi da kusan santimita tara. Kaurin ma hawa-hawa ne: mai zare ɗaya na mayafi da ɗankwali, mai zare biyu na riga, mai zare huɗu ya fi dacewa da labule da rigar kujera, zai yi miki nauyi a zafin Gombe. Rigar siliki tana son shafi na auduga daga ciki saboda gumi yana bar mata tabo. Wanki da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, ba matsewa, shanya a inuwa, guga ta baya da wuta kaɗan.

Kada ki saya wa maza silikin zalla, kin san hukuncinsa a addini. Su ki nemo musu yadin audugar da aka rina da baba, na Sakon Nakhon ko na Phrae. Kamar rinin Ƙofar Mata yake, kuma kamar shi yana zuba a wankin farko, sai a wanke shi shi kaɗai.

In kin samu sa'a biyu, ki leƙa unguwar Ban Krua, tsallaken magudanar ruwa daga gidan Jim Thompson. Mazauna unguwar Musulmi ne 'yan ƙabilar Cham, su ne suka saƙa wa Ba'amurken nan silikin da ya kafa kamfaninsa da shi a 1948, kafin ya ɓace a Malesiya a 1967. Gidaje kaɗan ne suka rage suna saƙa, amma za ki ga masaƙar da idonki, ga masallaci kusa.

Malam Mai Sassaƙa, Yelwa, Bauchi

Hajiya, a kan katako ina da ja. Ni da za ki bi tawa, da kin rage shi ƙwarai. Bankok gari ne mai laima a iska duk shekara, katakon da aka sassaƙa can yana riƙe da danshi. In ya iso nan hunturu ya buso, bayansa yana bushewa kafin cikinsa, sai ya tsage daga baki zuwa gindi. Akushin da aka fafe daga dunƙulen icce ɗaya mai kauri shi ya fi saurin yi. Yawancin na kasuwa iccen mangwaro ne, an shafa masa launi ya yi kama da katakon tik. In dole sai kin saya, ki ɗauki ƙanana marasa kauri, ki tambaya ko an busar da katakon a tanda, ki duba gindin ko akwai siririyar tsaga da aka cike da kaki. In kin dawo ki shafe shi da man da ba ya wari, irin farin man da ake shafa wa katakon yanka, sau biyu ko uku a makon farko, ki ajiye nesa da taga da rana. Man gyaɗa yana yin ɗoyi daga baya.

Kayan gora da kwanduna, ki buga su a tafin hannu. In gari mai laushi ya zubo ko kin ga ƙananan huji kamar na allura, ƙwaro na ciki, kuma zai bi sauran kayan ɗakinki.

Tangaran ɗin da kike nufi sunansa benjarong, ma'anarsa launi biyar. Da hannu ake zana shi, ana yin sa da yawa a lardin Samut Sakhon kusa da Bankok. Ki shafa yatsa a kan zanen, na hannu yana da tudu-tudu, kuma furannin ba sa zama daidai da juna ɗari bisa ɗari. Wanda aka manna masa zane sumul yake, wani lokaci har za ki ga inda bakin zanen ya haɗu. Ki ƙwanƙwasa da farce, lafiyayye yana ƙara kamar ƙararrawa, mai ɓoyayyar tsaga kuwa dum yake yi. Ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci saboda gwal ɗin, ba a kuma goge shi da soson ƙarfe. Akwai kuma koren tangaran na Chiang Mai mai kamar tsattsagewa a ƙarƙashin ƙyallinsa. Haka ake yin sa, ba fashewa ba ce.

Wajen ɗauri, murfi daban kwano daban, a cusa takarda a cikin kowanne, a naɗe da leda mai kumfa, a sa cikin kwali, kwalin a tsakiyar jaka tufafi sun kewaye shi ta ko'ina. Ki girgiza jakar, in kin ji motsi ki sake. Saiti ɗaya na shayi ya isa, shi ma gara ki riƙe shi a jakar hannu.

Matashin nan mai kusurwa uku yana da kyau a falo, amma audugar rimi ce a ciki, wadda muke da ita a nan, kuma zai cinye rabin jaka. Wasu rumfuna na sayar da rigar ba ciko, ita za ki nema. Laimar takarda ta ƙauyen Bo Sang kuwa ƙarama kawai za ki iya kawowa ba ta karye ba.

Ummu Khalil, Tumfure, Gombe

Allah ya saka da alheri, na fasa babban akushin. Saura biyu: 'yan kunne da awarwaron azurfa fa? Kuma na ji ana mayar wa baƙi kuɗin haraji a filin jirgi, gaskiya ne?

Baban Sadiq, Wunti, Bauchi

Gaskiya ne Hajiya. Harajin kashi 7 ne cikin ɗari, amma sai a shagon da ya liƙa alamar yana cikin tsarin, rumfunan kasuwa ba sa ciki. Sai kin sayi kayan baht 2,000 ko fiye a shago ɗaya a rana ɗaya, ki nuna fasfo a nan take su cika miki takardar P.P.10 su haɗa da rasit. Dole kayan su fita ƙasar cikin kwana 60. A filin jirgin Suvarnabhumi ki fara zuwa teburin kwastan da takardun da kayan kafin ki ba da jaka a auna, don in jakar ta shige babu abin da za ki nuna. Kuɗin kuma sai kin wuce jami'an shige da fice za ki karɓa. Ki ƙara awa ɗaya a kan lokacin zuwanki.

Azurfa, ki nemi hatimin 925 a jikinta, wato azurfa kashi 92.5 cikin ɗari, ki sa a auna a gabanki, don da giram ake sayarwa sannan a ɗora kuɗin aiki. Ki riƙe ɗan maganaɗisu a jaka, in ya kama ba azurfa ba ce. Rashin kamawa kaɗai bai isa ba, alminiyom ma ba ya kamawa, sai dai shi ba shi da nauyi, kuma yawancin manyan kwanukan nan masu zane da ake sayarwa da araha shi ne. Aikin 'yan ƙabilar Karen ya fi 925 tsarki, shi ya sa yake da laushi, awarwaronsa na lanƙwasa in an matsa.

Kada ki karɓi komai na hauren giwa ko da ɗan ƙaramin abin wuya ne, dokar ƙasa da ƙasa ta hana, kuma kamu ake yi. Jakar fatar kada tana buƙatar takardar izini. Kayan tarihi da mutum-mutumin Buda ba sa fita sai da izinin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar. Man zafi da man ƙamshi da suka wuce mililita 100 a babbar jaka za su shiga, a ɗaure cikin leda biyu, nesa da silikin.