Imam-ul-Haq: gwaninta ce ta kai shi tawagar Pakistan ko alfarmar baffansa?

Malam Sani: Jama'a, assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, da Imam-ul-Haq ba ɗan ɗan'uwan Inzamam-ul-Haq ba ne, da bai samu gurbin mai buɗe bugu a tawagar kurket ta Pakistan a lokacin da ya samu ba. Inzamam ya zama shugaban kwamitin zaɓen 'yan wasa a 2016, kuma a watan Oktoba na 2017 aka kira yaron, yana ɗan shekara 21, domin wasannin yini ɗaya da Siri Lanka. Ƙasar da matasa masu buga ƙwallo suka yi wa yawa, ba zai yiwu a ce babu wanda ya cancanta sai ɗan gidan mai zaɓe ba. Shi ya sa 'yan kallon Pakistan suka daɗe suna yi masa ihu cewa da takardar alfarma ya shigo.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam Sani. Zargin yana da tushe, domin duk wanda ke riƙe da alƙalamin zaɓe alhali jininsa yana cikin masu nema, ya san za a yi magana. Sai dai ya kamata mu duba abin da yaron ya yi kafin a kira shi da kuma bayan an kira shi. Ya buga wa Pakistan gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a 2014, inda tawagar ta kai wasan ƙarshe kafin Afirka ta Kudu ta doke ta, kuma a lokacin baffansa ba ya riƙe da muƙamin. Ranar da ya fara buga wa babbar tawaga a Abu Dabi, maki 100 cif ya ci, abin da ɗan Pakistan ɗaya tak, Saleem Elahi, ya taɓa yi a wasansa na farko, a 1995. Baffa zai iya rubuta sunanka a takarda, amma ba zai tsaya maka a gaban mai jifa ba.

Wasan da ya fi gamsar da ni kuwa shi ne na Malahide a watan Mayu na 2018, wasan kwana biyar na farko a tarihin ƙasar Ailan, kuma na farko ga Imam. Pakistan tana neman maki 160 kawai, amma kafin a ankara an fitar da mutum uku tana da maki 14, sabuwar ƙwallo tana karkata a iska, 'yan gida kuma sun fara hango nasarar da za su daɗe suna ba da labarinta. Wannan matashi mai bugu da hannun hagu, sanye da tabarau a ƙarƙashin hular kwano, shi ya tsaya tare da Babar Azam suka farfaɗo da tawagar, ya kuma ci gaba har aka kai gaci, ya tashi da maki 74 ba a fitar da shi ba.

Malam Sani: Hajiya, ban raina wasan Malahide ba. Amma yawancin alƙaluman da ake yi masa ado da su daga ina suka fito? Daga Bulawayo ne a Yulin 2018, inda ya ci maki ɗari ko fiye sau uku a wasanni biyar, a kan tawagar Zimbabuwe da manyan 'yan wasanta da dama ba su buga ba saboda rikicin albashi da hukumarsu. Haka kuma maki 157 da 111 da ya ci a kan Ostireliya a Rawalpindi a 2022, a fili ne da mutum 14 kawai aka iya fitarwa cikin kwana biyar, har hukumar kurket ta duniya ta ce filin bai kai matsakaicin inganci ba.

Abubakar: Ina neman izinin manya in sa baki. Ni a ganina an ɗora muhawarar nan a inda ba nan matsalar take ba. Imam ya iya bugu, wannan ba abin ja ba ne, domin shi ne ya fara cin ɗari sau huɗu a wasanninsa tara na farko na yini ɗaya, ya kuma cika maki 1,000 a karo 19 da ya shiga fili yin bugu. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko salon bugunsa ya dace da yadda wasan yini ɗaya ya koma. Yana tara maki da natsuwa, kusan 80 da 'yan kai a kowace jifa 100, a zamanin da masu buɗe bugu na Ingila da Indiya suke far wa masu jifa tun daga zagaye goma na farko (kowane zagaye jifa shida ne), lokacin da doka ta hana a baza masu tsaro a bakin fili.

A duba wasan Bristol na Mayun 2019. Imam ya ci 151 daga jifa 131, Pakistan ta tara 358, kuma duk da haka Ingila ta cimma wannan adadi saura zagaye biyar, bayan Jonny Bairstow ya ci 128 daga jifa 93 kacal. Ko a wasan Bulawayo da Imam da abokin buɗe bugunsa Fakhar Zaman suka tara maki 304 tare, Fakhar ne ya tashi da 210 daga jifa 156, shi kuwa Imam ya ci 113 daga 122. Idan abokin bugunsa yana ta kai farmaki, natsuwar Imam tana da amfani ƙwarai, amma idan aka haɗa shi da masu natsuwa irinsa, sai tawagar ta rasa mai ingiza ta.

Hajiya Rabi: Madalla, Abubakar, wannan suka ce ta ilimi kuma na karɓi rabinta. Sauran rabin kuwa, ina tunatar da kai wasan Lahore na Maris 2022, inda Pakistan ta bi maki 349 a kan Ostireliya ta cimma su, Imam ya ci 106, Babar ya ci 114. Ba a bin irin wannan adadi da jan ƙafa. Malam Sani kuma ya lura cewa a wannan shekarar Mohammad Wasim ne shugaban masu zaɓe, Inzamam ya sauka tun 2019, kuma Wasim ɗin ne ya dawo da Imam cikin tawagar kwana biyar bayan fiye da shekara biyu bai buga irin wannan wasa ba.

Malam Sani: To, ga abin da ya faru a Indiya a 2023. An mayar da Inzamam kan muƙamin a watan Agusta, Imam ya buga wasanni shida na farko a gasar cin kofin duniya ba tare da ya taka rawar gani ba, in ban da maki 70 a kan Ostireliya. Inzamam ya yi murabus ranar 30 ga Oktoba, washegari aka ajiye Imam a wasan Bangaladesh a Kolkata, Fakhar ya shigo ya ci 81, sannan ya ci 126 daga jifa 81 a kan New Zealand.

Malam Nasiru: Malam Sani, a yi adalci a nan. Murabus ɗin Inzamam ya biyo bayan zargin alaƙarsa da wani kamfanin wakilcin 'yan wasa ne, ba batun Imam ba, kuma 'yan wasa 11 da ke fita fili kyaftin da koci ne suke tsayar da su a wurin gasa. Pakistan ta sha kashi sau huɗu a jere kafin wasan Kolkata, har da wanda Afganistan ta yi mata a Chennai, saboda haka sauyi ya zama dole ko da wa ke kan kujerar. Shi kansa Fakhar an ajiye shi ne bayan wasan farko da Holan saboda ya kasa cin maki, daga baya kuma ya yi fama da ciwon gwiwa, don haka ba a iya dawo da shi da wuri ba ko da an so.