Shin "idle" na nufin malalaci ne?

Assalamu alaikum. Ina rubuta takardar neman aiki da Turanci, kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Masaƙar da nake aiki ta rufe, na zauna ba aiki, sai na rubuta "I was idle".

Na duba ƙamus, ya ƙara dagula min lissafi. Wai motar da aka bari a kunne ba ta tafiya "idle" take, malalaci ma "idle" ne. Manhajar fassara kuwa "rago" ta ba ni kai tsaye. Ni ko ba lalaci ya zaunar da ni ba, kullum ina yawon neman aiki.

Don Allah, idan manaja ya karanta "I was idle", ɗan zaman kashe wando zai ɗauke ni?