Neman kalma: horon da ake wa tsokokin numfashi kafin tiyatar zuciya

'Yar Samaru: Assalamu alaikum malamai. Gobe da safe zan miƙa fassarar wata takardar wayar da kan majinyata. Magana ce kan wata 'yar na'ura da ake bai wa mai jiran tiyatar zuciya, ya riƙa hurawa da ƙarfi kullum, tana tare iskar. Tsokokin ƙarƙashin haɓa, masu ɗaga maƙogwaro lokacin haɗiya, sai su ƙara ƙarfi, tari ma ya yi ƙarfi. Don bayan an cire bututun numfashin da ake sa wa majinyaci lokacin tiyata wasu kan kasa haɗiya, ruwa ya bi hanyar huhu. Me zan kira wannan aikin hurawar da Hausa?

Nas a Shika: Atisayen numfashi. Shi muke cewa.

Malam na Tudun Wada: 'Yata, atisaye Turanci ne aka lanƙwasa. A garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 za mu rasa kalma? Ki sa "ƙarfafa-shaƙa". Ni na ƙirƙiro ta.

Nas a Shika: Allah ya gafarta Malam, shaƙa jan iska ne. Na'urar jan iska daban take, ita ke ƙarfafa tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Wannan ta hurawa ce. Majinyaci ya karanta shaƙa, zai yi akasin abin da ake so.

Ɗan Sabon Gari: In aro ne laifi, tiyata ma aro ce.

Malam na Tudun Wada: Muna da fiɗa.

Nas a Shika: Ka ce wa dattijo gobe za a feɗe shi? Wallahi na ga wanda ya fasa kwanciya saboda kalmar nan.

Wani daga Kano: Ku Zazzagawa kun cika gardama. Daidaitacciyar Hausa dai tamu ce.

Ɗan Sabon Gari: Amma a Zariya aka buga littattafan da kuka koyi rubuta ta.

'Yar Samaru: Don Allah ku dawo, dare na yi. Matsalar haɗiyar fa? Na rubuta "ƙwarewa", sai na ga a rubuce za a ɗauka gwaninta ce.

Nas a Shika: Sa "sarƙewa". Kowace uwa ta san ruwa ya sarƙe yaro.

Malam na Tudun Wada: Wannan na yarda. Amma atisaye, a'a. Sai dai "horo".

'Yar Samaru: Baba, horo zai yi kama da hukunci. Na sa "atisayen hura iska don kiyaye sarƙewa".

Malam na Tudun Wada: Ya yi tsawo. To, miƙa. Ƙarfafa-hura dai ta fi.